Shekarar da Aka Ba Mu Aron Itatuwa

Saniyar ba tawa ba ce, kuma daga nan duk wahalar ta taso. Ja ce mai dogayen ƙaho, daga garken Fulanin da ke sauka a gonarmu kowane rani tun zamanin kakana. Da ɗansu muka tashi, tare muka yi kiwon awaki, har boko ya ɗauke ni, shi kuma ya bi shanu. Da aka dawo da ni garinmu Gangara in koyar a firamare, na yi aure, sai ya koro mini karsana har ƙofar gida ya ce habbanaye ce.

Wanda bai zauna da Fulani ba zai ce aro ne. To aro ne, amma ba irin aron hauya ba. Ana ba ka saniya ka riƙe, ka sha nononta, ta haifa maka ɗa ya zama naka, in an yaye shi ka mayar da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ɗaga mata sanda. In ta mutu da ajalinta babu mai tambayar ka, sai dai kai ka san da wane ido za ka riƙa kallon mai ita har ƙarshen rayuwarka.

Ta girma a hannuna, sai fari ya zo. Daminar farko ta yi mana rowa muka ce a yi haƙuri. Ta biyu gero ya kai gwiwa ya tsaya nan, ya bushe a tsaye. Cikin haka ta ɗauki ciki. Fulani suka fara naɗe kaya za su yi kudu. Abokina ya zo sallama, ya tsuguna a zaure yana jujjuya sandarsa.

“Kaɗo, za ni kudu,” ya ce. Haka yake kirana tun muna yara.

Na ce, “To ka tahi da abarka mana. Mi za ni ba ta nan? Alli?”

Ya dube ni kamar na zage shi. “Ka taɓa jin inda anka amshi habbanaye ba ta haihu ba? So kake a yi da ni cikin dangi? Kuma da cikin ga ba ta kai ko garin Isa.”

Ya bar mini ita, ya kuma bar tsohuwarsa a bukka bakin gonarmu, don ita ma ƙafarta ba za ta kai ba.

Da farko na ɗauki abin da sauƙi, ina taƙama da albashi. Albashi kuwa ba ya sayen abin da babu. Harawa ta ƙare a kasuwar Sabon Birni, kara ya ƙare, dusa ta zama abincin mutane. Na kwance jinkar ɗakin girki na ba ta tsohuwar ciyawar da hayaƙi ya dafa, ta ci don dole. Matata ta tsaya tana kallon sama ta inda rufi yake a da, ta ce, “Malam, in ta gama da wanga sai ka ba ta tabarmar sallarka.” Ban yi dariya ba. A lokacin ko gaisuwa aka yi mini sai in ji kamar neman faɗa ne.

Abin da ya fi ci mini rai, abincin yana nan muna kallon sa. Bayan gari, wajen gulbi, akwai kurmi. Gulbin ya ƙafe har yara na ƙwallo a cikinsa, amma itatuwan sun kai saiwarsu inda ruwa yake. Gawo na nan kore shar da ’ya’yansa, ga madaci, ga ɓaure, ga kanya da marke, wani wurin in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Masu motar itace daga birni sun fara cin gefensa, sai hukuma ta rufe shi gaba ɗaya. Aka kafa allo, aka kawo gandireba mai tsaron daji, wani tsohon soja mai keke da ba ya dariya. In ya kama ka da gatari ya karɓe, in ka yi gardama ya kai ka gaba. Talaka na iya sata ya yi rantsuwa. Ni ma’aikacin gwamnati ne, ranar da aka kama ni da reshe ranar aikina ya ƙare, kuma bakuna da yawa na jiran albashin nan.

Da zafi ya tsananta sai ta kwanta ta kasa tashi. Saniya in ta kwana biyu a ƙasa ta tafi ke nan, don haka kowace safiya sai an tayar da ita. Nakan bi maƙwabta gida gida kafin in tafi makaranta. A zura taɓarya ɗaya ta ƙirji, ɗaya ta mara, mutum biyu kowane gefe, ni in kama wutsiya, a yi bisimilla a ɗaga. Ta tsaya tana rawar ƙafa, mu ma muna tamu, don dukanmu ba ƙoshi gare mu ba. Mahaucin garinmu kuwa ya mayar da ƙofar gidana hanyarsa. Kullum sai ya tsaya ya gaishe ni da fara’a, ya tambayi iyali, idonsa na can kan turke. Na tsani gaisuwar nan.

Cikin wannan hali hedimasta ya kira ni ya ce an turo wani mai binciken itatuwa, zai sauka a ajin da babu kowa, ni zan riƙa raka shi. Na tarar da wani gajeren mutum mai tabarau yana sauke kaya daga babur. Ya ɗago ya ƙare wa zanen fuskata kallo, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Kai, kaza ne ya tone maka fuska haka?”

Bayarabe ne, ni Bagobiri. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa babu fushi, wasa ne tun na kakanni. Na ce, “Lale da bawana. Ɗauko kayan ka biyo ni.” Ran nan na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, amma ba ta hana ni jin haushinsa daga baya ba. Mutum ya zo garin da shanu ke faɗuwa, ya shiga kurmin da aka hana mu, yana zagaya itace da tef kamar tela. Ya auna, ya ɗaga kai, ya tsinci ’ya’ya ya zuba a jaka. Ya ce yana son ya gane waɗanne itatuwa ne ke jure fari, don a samu irinsu. Ya roƙi hedimasta a ba shi ’yan aji shida, ya koya musu jiƙa ’ya’yan gawo a ruwan zafi kafin a shuka a gwangwanin madara. Da aka ce babu ruwan ban ruwa, yaran da kansu suka ce ai akwai ruwan alwala. Daga nan kowane gida aka ajiye gwangwani inda maigida ke tsugunawa.

Wata safiya ya biyo ta gidana ya tarar muna ɗagawa. Ya ajiye jaka ya kama bakin taɓarya. Da ta tsaya, yana haki, ya ce, “Bagobiri, ka sayar da shi mana tun yana numfashi. Ga mai wuƙa can yana jira.”

Na ce ba tawa ba ce.

“To me ya sa kake kashe kanka a kan abin wani?”

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi da ya zo daga inda ake auna itace da tef ba zai gane ba. Na bayyana masa habbanaye a fusace, na ƙare da cewa abincinta na can rataye a kurminsu, su da allonsu da sojansu, kuma in ta mutu Allah na gani.

Na zaci zai mayar da wasa. Sai ya zauna a kan turmi ya cire tabarau. Ya ce a garinsu akwai daji wanda namu ko ƙofarsa bai kai ba, ruwa na sauka kusan duk shekara, itace ɗaya sai mutum da yawa sun haɗa hannu su zagaye shi. Kakansa maharbi ne, su ke tsaron dajin, sun san inda ake shiga da inda ba a shiga. Aka zo aka kafa allo irin namu, aka ce kowa ya fita. Da masu zarto suka zo, mutanen gari suka zuba musu ido, tunda an ce ba nasu ba ne. Ya ce yanzu in ya je gida yana hango garin gaba daga ƙofar uwarsa. Ya ce shi tun ran nan bai ƙara yarda da allo ba, amma bai san abin da zai sa a madadinsa ba.

Sannan ya ce, “Mutanenku za su riƙe itace yadda ka riƙe wannan?”

Na ce itace ba saniya ba ne. Ya ce shi ma ya sani, tambaya yake. Na ce to ba ni ke da amsar ba, mu je wurin masu abin.

Muka sami tsohuwar abokina a bakin bukkarta tana gyaran ƙwaryar da ta daɗe ba ta ga nono ba. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da baƙon ke tambaya, ina jin kunyar maganar a bakina. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon wajen kurmin.

“Ganye shi na nono,” ta ce. “Ɗiya kau icce na yi. Shina yiwuwa.” Sai ta ɗaga yatsa. “Amma ba a ba gari habbanaye. Abin gari ba shi da mai jin kunya. Mutum guda aka ba, a kira shi, a nuna mai abin, gaban shaidu. Kuma mai abu shi ka badawa da hannunai, ba aike ba. Wa ad da iccen?”

Na ce hukuma.

“To hukuma ta taho ta bada.”

Da na fassara masa abin da bai kama ba, Bayarabe ya dafe kai. Washegari muka hau babur ɗinsa sai Isa, inda babban malamin daji yake. Dattijo ne mai natsuwa, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce shi ma yana da shanu a ƙauye, ya san abin da ake ciki, amma in ya buɗe kurmi aka cinye shi, wa zai amsa? Bayarabe ya ce a ɗora a wuyansa, zai zauna har damina yana duba kowane itace, in ya ga ɓarna shi da kansa zai zo ya ce a rufe. Dattijon ya yarda a gwada. Da muka ce sai fa ya zo da kansa ya bayar, itace bayan itace, ya dube ni ya ce, “Malam, kai ma da iliminka?” Na ce ranka shi daɗe, in takarda aka aiko, takarda za su riƙe.

Ban sa rai zai zo ba, amma ya zo. Ranar ba ta fita raina. Maigari ya sa aka yi shela, gari ya fito, da ragowar Fulanin da ba su tafi ba. Dattijon nan da babbar riga, rana na dukan sa, ya bi kurmin nan da ƙafa. A tsaya gindin itace, Maigari ya kira mai gida, dattijon ya dafa ɓawon itacen ya ce, “Na ba ka wanga habbanaye.” Mutum ya dafa shi ma ya ce, “Na amsa, Allah shi ba ni ikon riƙo.” Tsohuwar tana biye da sandarta, in an yi sauri ta ce a sake, shaidu ba su ji ba. Da farko matasa na ƙunshe dariya. Kafin a kai tsakiya babu mai dariya, na ga wani dattijon maƙwabcina ya karɓi madacinsa yana share ido. Aka ba gwauraye mata nasu, aka ba Fulani nasu. Ni aka ba ni gawo biyu da ɓaure ɗaya. Mahauci ma ya samu marke, na ce a raina ko ba komai ya sami abin kallo ban da turkena.

Bayarabe ya faɗi nasa sharuɗɗan, waɗanda ya samo daga aune-aunen da nake yi wa tsaki. Ba a taɓa kan itace. Ba a sare fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa, kuma gefe ɗaya, sai ya warke a koma ɗayan. Akwai manyan da ya ɗaura wa kaba, su iyaye ne, ba a ba kowa ba, na iri ne. Fulani suka nuna wa manoma yadda ake saran reshe a karkace don kada ya tsage. Kuma duk wanda ya karɓa, in ruwa ya sauka zai dasa ’ya’yan gwangwani kusa da nasa ya tsare su daga awaki. Gandireba ya buɗe ɗakin da yake tara gatura, kowa ya zo yana laluben nasa.

Da yammar ranar na hau gawo, ni da rabona da hawa itace tun ina yaro. Ƙaya ta yayyage ni, ban ji ba sai da na sauko. Na kawo ganye da ’ya’ya cike da buhu na zube mata. Ta sunsuna, ta ɗago ta dube ni, sannan ta sa baki. Na tsuguna ina sauraron tauna tata. Matata ta zo ta tsaya bayana, ita ma tana saurare.

Ba zan ce kowa ya riƙe amana ba. Wani ya aske madacinsa tas har kai, ya sayar da ganyen a Sabon Birni. Ba a kai shi ko’ina ba, ba a ci shi tara ba. Sai dai daga ranar ko allura ya aika aro sai a ce ba a gan ta ba, kuma in ya iso majalisa hira ta mutu. Kafin damina ya tafi ci-rani. Masu motar itace ma sun dawo sau ɗaya, suka fara da ɓauren wata gwauruwa da ke bakin hanya. Matar nan ta zo ta zauna a gindinsa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, tana cewa za a kashe mata amana. Kafin gandireba ya iso da kekensa rabin gari na wurin, motar ta juya babu ko tsinke.

Saniya ba ta warke dare ɗaya ba. Mun ci gaba da ɗagawa, sai dai mutum huɗu suka koma biyu, daga baya ni kaɗai in kama wutsiya ta yunƙura. Wata safiya na fito na tarar da ita tsaye tana ƙoƙarin cin zanen da matata ta shanya. Ruwa ya yi jinkiri amma ya sauka, kuma cikin satin ta haifi ’yar maraƙa ja kamar ita, ƙarama ƙwarai, amma da ranta. Yara suka kwashi gwangwanayensu zuwa kurmi. Bayarabe ya zagaya itatuwansa da tef karo na ƙarshe, ya ce in ban da madacin nan ɗaya babu wanda ya mutu. Ya ɗaure kaya ya ce zai je ya ba mutanen garinsu labarin, ko da abin da ya rage musu. Na ce ya gaishe mini da sauran bayina.

Fulani suka fara dawowa, garke bayan garke, kowanne ya ragu. Abokina shiru. Tsohuwarsa kullum tana bakin hanya. Aka yi girbi, ba mai yawa ba amma na ci, har na fara tunanin abin da ba na son faɗa.

Wata rana da la’asar na dawo daga makaranta na ga mutum tsugune a zaurena. Sai da ya yi magana na gane shi, don ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na leƙa waje ban ga ƙura ba, ban ji kukan shanu ba. Na ce ina ya sauke garken.

“Sammore,” ya ce. Ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu a kudu ke nan. “Ɗaya ɗaya sunka tahi, Kaɗo. Na ubana, na kakana. Da sanda kaɗai na dawo.”

Bai tambaye ni ita ba. Ba zai tambaya ba, ko da zai kwana nan. Yana ta kallon ƙasa, na gane ya riga ya haɗa ta da sauran tun a hanya, don ya ga ƙasusuwan da ke zube daga nan har Isa.

Na ce ya taso. Muka zagaya bayan gida. Tana tsaye a turke tana tuƙa, ’yar na tsotso. Ya tsaya cak. Sai ya yi wani ɗan kira can cikin maƙogwaro, irin nasu, wanda ni duk zamana da ita ban iya ba. Ta bar tuƙa, ta juyo da kai, ta amsa. Ya je ya rungume wuyanta ya cusa fuska cikin jikinta, ni kuwa na juya ina gyaran dangar da babu abin da ya same ta.

Da ya natsu na ce ya kwance su duka biyu ya tafi da su.

Ya share fuska da hannun riga. “Ɗiyar taka ta,” ya ce. “Uwar kau sai an yaye. Ba ni ɓata habbanaye yanzu, shi kaɗai ya rage man.”

Muka yi ta ja, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne. Ya karɓi ƙwarya daga hannun matata, ya tsuguna ya tatsa da kansa, ya ɗauka da hannu biyu ya nufi bukkar tsohuwarsa, yana tafiya a hankali don kada ya zube.